Sajo na Garo da Kajin da Aka Cinye a Sadakarsa

Ranar Talata, 12 ga watan Nuwamba, 1963, da hantsi, ana tsakiyar awon gyaɗa, Allah ya karɓi ran Malam Sajo ɗan Jalo a gidansa da ke Garo, ta wajen Kabo. Ciwon haƙarƙari ne ya kwantar da shi, bai kuwa daɗe a kwance ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Mai shi ne ya karɓi abinsa, kuma hanyar da ya bi ita ke jiran kowannenmu. Ya bar mata ɗaya, Furera, da 'ya ɗaya, Hauwa, wadda ke aure a Gude, da ƙane ɗaya, Haladu.

Ni ne Jibirin, maƙwabcinka, Sajo, wanda danga ɗaya ta raba gidansa da naka tun muna samari. Na so in rubuta wannan ta'aziyya tun a makon farko, amma duk sa'ad da na ɗauki alƙalami sai in ajiye. Mutuwa na haƙura da ita, don ba a jayayya da Mai ita. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da rayayyu suka yi a gidanka tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Zan faɗe shi a nan, in kira sunan kowa, wanda ya ji haushi ya same ni a zaurena, ya san hanya. Amma tilas in fara da kai, domin wanda bai san ka ba, bai kuma san kajinka ba, zai ce wani tsoho ne kawai yake ɓaɓatu a kan nama.

A kakar gyaɗa ta 1955 wani mutum ya iso Garo cin-rani, yana dakon buhu a wurin awo. Baƙo sunansa, mutumin Tasawa ta can arewa, ƙasar da Faransa ke mulka a lokacin, tsohon soja, dogo, ramamme, mai tari. Ya ce Faransawa sun kwashe su a jirgin ruwa sun kai su yaƙi wata ƙasa can bayan teku, gabas da gabas. Andoshin yake ce mata. Sai a 'yan kwanakin nan, da muke sauraron rediyo a ƙofar gidan dagaci, na gane ita ce ake ta ambato da Biyetnam. Kayansa duka bargo ne da buta da wani kwando mai murfi, wanda ko dako zai ɗauka sai ya ajiye shi inda idonsa ke kai.

Da tarin ya kayar da shi, abokan dakonsa suka janye jiki, aka bar shi yashe a rumfar kasuwa. Kai ka je da jakinka ka ɗauko shi, shi da kwandonsa, ka yi masa shimfiɗa a zaurenka. Furera ta yi ta dama masa kunu har aka fara shuka. Mutane suna cewa za ka kwaso wa gidanka tari, kai kuwa amsarka ba ta wuce, "To a ina kuke so ya mutu?" ba. A zauren nan ya cika, kai ka yi masa likkafani da farin yadin da ka saya don rigar sallarka. A waccan shekarar da tsohuwar riga ka je idi, na gani da idona.

Abin da ke cikin kwandon nan zakara ɗaya ne da kaji biyu. Ranar da na fara ganinsu na zaci 'yan tsaki ne da suka yi gashi da wuri. Zakaran, balagagge mai cara, da kaɗan ya fi tattabara. In ka ɗora shi a tafin hannu sai ya tsaya daidai, nauyinsa bai wuce rabin mudun gero ba. Gashin wuyansa ruwan zuma ne, yana zubowa har kafaɗa, ƙirjinsa baƙi, zankonsa ja wur, ƙafafunsa sirara ruwan ɗorawa, idonsa tar. Jelarsa ita ce abin kallo: baƙa mai walƙiyar kore, ta tashi sama ta lanƙwaso kamar lauje har tana neman taɓa ƙasa, ta kusa fin jikinsa tsawo. In zai yi tafiya sai ya banƙaro ƙirji, ya sauke fukafukai, yana taku ɗai-ɗai, sai ka ce gidan nasa ne kai haya kake. Cararsa siririya ce, gajeriya, mai kaifi, ko cikin zakaru hamsin ba za ta ɓace maka ba. Ga zuciya. Na ga ranar da ya kori ƙaton zakaran Haladu, wanda ya ninka shi huɗu, har bayan rumbu. Kajin kuwa ruwan ƙasa ne, ba su da ado, ƙwansu ƙanana, ba sa kuma yi da yawa, amma in ɗaya ta hau kwanci, ko ganga ake kaɗa mata a kunne ba ta motsi. Baƙo ya ce a can sunansu na nufin kazar gora. Mu dai a Garo kajin soja muke ce musu.

Ina zaune a zauren ranar da ya ba ka su. Muryarsa ta riga ta shige, sai da muka sunkuya muka ji shi.

"Malam Sajo," ya ce, "ban da ɗa, ban da gona. Waɗannan na ɓoye su cikin bargona a jirgi, na raba shinkafata da su har muka sauka. Ga su nan, amana. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka bar zakaran gari ya hau su. In ya hau su, 'ya'yan za su fito ba nan ba can, jikokin kuwa kajin gari ne kawai."

Ka ce masa, "Na karɓa." Iyakar abin da ka faɗa ke nan, ka kuwa riƙe shi fiye da shekara bakwai.

A garinmu da rana kaza ta kowa ce, sai magariba take komawa ta mai ita. Sakinsu ake yi su bi juji, zakaran wane ya bi kazar wance, ba mai tambaya. Kai kuwa sai ka kewaye wani sashe na gidanka da zana ruɓi biyu, ka rufa samansa da ƙirare da ƙaya saboda shirwa, ka gina akurki na ƙasa, ka yi wa shingen ƙofa da sakata. Gari ya samu abin dariya. Aka ce Sajo ya sa kajinsa kulle, ya bar matarsa tana zuwa rijiya. Ni ma ban bar ka ba. Nakan leƙo ta danga in ce, Bafulatanin da kakanninsa suka bi garke har Zamfara, yau ga shi yana kiwon abin da muzuru zai haɗiye bai tauna ba. Sai ka yi murmushi ka ce, "Jibirin, saniya kowa na da ita." Ka ɗauki tsohuwar tukunya, ka cika ta da kara da kashin shanu, ka je ka kife ta a kan shuri, da safe ka dawo da ita cike da gara ka juye musu. Ka murmushe ƙuli-ƙuli cikin tsakin gero. Shekarar da ciwon kaji ya share Garo, har aka rasa zakaran da za a yanka wa mai jego, ka hana kowa shiga shingen nan, ni ma da nake amininka a ƙofa na tsaya. Naka ko ɗaya bai faɗi ba. Daga uku, sai da suka kusa ashirin.

Kada wani ya karanta wannan ya zaci rowa ce. Sau nawa ka ba mutane zakara da kaza kyauta, ka yi musu bayani dalla-dalla, su ce sun ji? Su kai gida su sake su, shekara na kewayowa sun narke cikin kajin gari, ko jela ɗaya ba a gani. Sai ka daina bayarwa, ka koma karɓar ƙwan zabin maƙwabta kana sa wa 'yan kajinka, su ƙyanƙyashe, ka mayar wa masu shi ba ka rage ko ɗaya ba. Shekarar da jakina ya mutu gyaɗata na zube a gona, naka ka turo mini, kai kuwa ka yi ta jigilar taka a ka har wurin awo. Da tsohuwa Sa'a, wadda ba ta da kowa a garin nan, ta kwanta ciwon ajali ta ce romon kaza take sha'awa, a lokacin da kaza ta yi wuya, kai ka shiga shingen da kanka, ka daɗe a tsaye, ka zaɓi tsohon zakara, ka yanka da hannunka. Furera ta dafa, ka kai mata, ka tsaya har ta shanye. Na tambaye ka ba ka ji ciwo ba? Ka ce ka ji, amma ita ta fi ka jin nata. Ka san ranar da yanka yake ibada, Sajo, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ba ni ƙyama.

Da safen ranar da za ka cika na shigo gaishe ka. Numfashi na yi maka wuya, amma sai da ka jawo hannuna ka ce, "Jibirin, sanyi ya fara. Na sa an mayar da 'yar jar kazar nan da ƙwanta ƙarƙashin gadon Furera, tana kwanci, a bar ta. Ku dai kula da sakatar nan, kada zakaran Haladu ya shiga." Zakaran Haladu ka ji wa tsoro, bawan Allah. Mai zakaran ko kusa ba ka kawo shi a ranka ba.

Ga wanda bai san Haladu ba, shi ke riƙe wa wani mai sayen gyaɗa na Kano, Alhaji Ja'afaru, sikeli a Garo. Tun da ya samu wannan aiki ya sayi keke da agogon hannu, ya daina durƙusa wa dattawa, daga kan keken yake ɗaga musu hannu. Amma in ya hango ƙurar motar Alhaji, sai ka rantse ƙashin bayansa aka zare. Duk tsawon ciwonka sau ɗaya ya leƙo, shi ma daga bakin ƙofa, wai awo ya riƙe shi.

Kowa ya san yadda sadakar uku take a ƙasar nan. Gumba ce da waina da goro, malamai su yi addu'a, a shafa, a watse. Gidan mamaci ba a ma ɗora masa nauyin tukunya, maƙwabta ke kawo abinci. Ba wanda ya taɓa cewa sai da nama. Amma Alhaji Ja'afaru ya aiko zai zo gaisuwa a ranar shi da mutanensa, Haladu kuwa ba ya son a ce ubangidansa ya zo gidansu ya tashi da gumba a baki.

Ni washegarin rasuwarka aka aike ni Unguwar Tudu in sanar da dangin mahaifiyarka, ban samu dawowa ba sai ranar sadaka da rana tsaka. Na tarar da mota a ƙofar gidanka, an shimfiɗa darduma a inuwar zaure, baƙi sun kewaye akushi biyu. Ina cikin gaisawa aka buɗe. Alhaji ya sa yatsa biyu ya ɗago wata 'yar cinya, ya juya ta a gaban idonsa.

"Haladu," ya ce, "tattabaru ka yanka mana, ko kuwa yunwa ce ta kashe kajin garinku?"

Aka kwashe da dariya, a ƙofar gidan da aka fitar da gawa shekaranjiya. Haladu na durƙushe yana wangale baki.

"Ranka ya daɗe, wasu 'yan banzan kaji ne na marigayi. Ba su cika baki ba, shi ya sa na ce a haɗa su duka."

Duka. Sai a lokacin idona ya kai kan wani kasko a gindin danga, cike da 'yan ƙafafu sirara ruwan ɗorawa. Na san su ɗaya-ɗaya. Na tsaya ina kallon manyan mutane masu manyan riguna suna jefa kaza guda a baki loma biyu, suna ƙorafin ƙashi ya fi tsoka yawa, suna tsotsewa suna tofarwa a gindin zanar da ka ɗaure da hannunka. Ko rabin akushin ba su ci ba suka ture, ɗaya ya ce da ma goro aka ƙara musu. A kan hanya kuma, daidai ƙofar zauren, ga ƙattin zakarun Haladu guda uku suna tono, ko ɗaya aka kama ya ishi taron.

Na ce, "Haladu, Allah wadaran wannan aiki naka." Nan take dattawa suka taso mini, wannan ya riƙe hannuna, wancan ya ce, "Haba Malam Jibirin, gidan makoki ne, a rage murya." Ashe a gidan makoki murya ce abin kunya, wuƙa ba komai. Na zaga bayan dangata na tsaya can, na kuma kwana biyu ban iya kallon miya ba.

Daga baya Hauwa ta ba ni labarin yadda aka yi a ciki, kuma da ban ji ba ya fi mini. Da sassafe Haladu ya shigo da wuƙa ya zare sakatar. Ko guje-guje ba a yi ba. Kajin nan ba su taɓa sanin hannun mutum da mugunta ba, suna ganin namiji ya shigo sai suka taho da gudu suka kewaye ƙafarsa, suna zaton gara ya kawo. Yana tsugune yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Hauwa ta durƙusa ta ce, "Baffa, don Allah ka bar ko zakara ɗaya." Ya ce, "Dukiyarsa ce, sadakarsa ce. Ke za ki koya mini yi wa ɗan'uwana sadaka?" Furera na cikin ɗaki a kan tabarmar takaba, lulluɓe, mata masu gaisuwa sun kewaye ta, ba ta da ikon fitowa, ba ta da ikon ɗaga murya. Tana jin komai ta bango, har kukan na ƙarshe.

Da baƙin suka tashi tafiya, Alhaji Ja'afaru ya hango gashin jela a kan juji, yana walƙiya cikin rana. Ya sa aka ɗauko masa ɗaya, ya auna shi da hannunsa, ya tambayi na wane tsuntsu ne. Aka ce ai na abin da ya ci ne. Wani ya ba shi labarin Baƙo da jirgin ruwa. Sai fuskarsa ta sauya, maiƙo na nan a leɓensa bai goge ba.

"Kai Haladu, ashe ba ka da hankali? Akwai wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Kano mai tara irin waɗannan tsuntsaye. Da da rai ka kawo mini su, da ka ga alherin da ba ka taɓa gani ba. In akwai saura, ka nemo."

Wallahi, Sajo, ranar na fara ganin alamar rashi a fuskar ƙanenka. A maƙabarta idonsa a bushe yake, amma da motar nan ta tashi har hannu ya ɗora a ka. Ya koma ya birkice akurki, ya leƙa ƙarƙashin rumbu, ya zazzage harawa, bai samu komai ba. Ɗakin mai takaba ne kaɗai ya gagare shi, don ko shi bai kai rashin kunyar da zai shiga ya ɗaga gadonta ba.

'Yar jar nan tana ƙarƙashin gadon, kwance a kan ƙwai cikin tsohon kasko, ko tari ba ta yi. Furera ta ja tabarmarta ta shimfiɗa daidai bakin gadon, ta saki zanen gado har ƙasa, ta zauna. Mata suna shiga suna fita suna yaba mata, wai ba su taɓa ganin mai takaba mai natsuwa irinta ba, ko gusawa ba ta yi daga wuri ɗaya. Gadi take yi. In ɗakin ya yi shiru sai ta tura hannu ciki da 'yar dusa da ruwa a sakaina. Haka har aka ƙyanƙyashe biyar, sanyi ya ɗauki ɗaya, huɗu suka tsaya. Ɗan tsako kuwa ba ya ɓoyuwa. Altine matar Haladu ta shiga gaisuwa ta ji kukansu, kafin ta kai zaure labari ya isa wurin awo.

Tun daga ranar abin da ke raina da na Furera ɗaya ne. Duk zakarun an cinye. In babu namiji cikin huɗun nan, amanar Baƙo ta ƙare a hannunmu. In kuma Haladu ya kai su Kano, ta ƙare a kejin wani baƙo da zai nuna wa abokansa su har ya gaji.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaurenka, liman da dattawa da Haladu da mijin Hauwa, ni ma an kira ni shaida. Furera na bayan asabari a ƙofar ciki. Aka lissafa gona da rumbu da jaki da 'yan shanunka, aka ga tumunin takabarta ya faɗa daidai kan wata karsana, wadda kowa ya san ita ce mafi kyau a turkenka. Haladu ya gyara murya ya ce saura kaza da 'ya'yanta, shi zai ɗauke su cikin rabonsa, don ya rage wa mata wahala.

Daga bayan asabari muka ji muryar Furera, karo na farko tun da ka tafi. "Allah gafarta Malam, a sa mini kazar nan cikin nawa."

Haladu ya yi wata 'yar dariya. "Yaya Furera, ai waɗannan ba kajin wasa ba ne. Daga bayan teku suka zo, babu irinsu a ƙasar Kano. Alhaji ya ce akwai mai ba da abin da ya kai karsana a kansu. In kina so, sai dai ki zaɓa, ko su ko karsanar."

Mutumin da ya ce 'yan banza ne, ba su cika baki ba. Bakin nan dai, a zauren nan dai. Liman ya ce, "Haladu, ka ji tsoron Allah. In kaza ɗaya da 'ya'yanta karsana ce, to garke guda ka zuba wa baƙinka a akushi, tun ba a raba gado ba. Wa zai biya Hauwa rabonta?" Haladu ya ce ai sadaka ce aka yi wa mamaci, ko akwai mai neman a mayar masa da sadaka? Sai dattawa suka shiga tsakani, a bar tone-tone, zumunci ya fi, abin da ya wuce ya wuce. Waɗanda suka ce in rage murya su ne dai. Mijin Hauwa ya sunkuyar da kai don kunyar suruki. Na dubi zauren nan da ka yi jinyar baƙo a cikinsa, cike da rawuna da gemu, na rasa mutum biyu da za su ce wa ƙarya ƙarya.

Lissafin Haladu shi ne ba macen da ke da hankali da za ta bar saniya ta ɗauki kaza. Bai san wadda ka aura ba.

"Na bar karsanar," in ji Furera. "Marigayi ya ce wa baƙon nan ya karɓi amana, ina jin sa ta bayan ƙofar nan. A ba ni kazata."

Liman ya sake tambayarta har sau biyu, ta ce ta yarda. Aka shafa fatiha. Haladu ya fita yana jan karsana, fuskarsa a murtuke kamar shi aka cuta, don ya san abin da zai tarar wurin ubangidansa. Ko wannan bai sanyaya mini rai ba. Matar da ta yi shekara talatin tana tatsar shanun gidan nan, in ta fita takaba za ta koma Gude wurin 'yarta, ba saniya, ba nono, sai kwandon Baƙo mai murfi, wanda ta sa aka sauko da shi daga rataye aka kakkaɓe. Na riga na je Gude na nuna wa mijin Hauwa yadda ake ɗaura zana ruɓi biyu, na kuma ce masa sakatar ta zama ta ciki, inda hannun na waje ba zai kai ba.

Muka ci gaba da jira. Kullum in na fito sai in kasa kunne ta danga, in ji zakarun gari suna ta yi, naka shiru. Shekaranjiya da hantsi ina gyaran dangar nan da ta raba mu, sai na ji wata 'yar murya daga cikin gidanka, shaƙaƙƙiya, ta tashi ta karye a tsakiya. Na saki igiyar. Ya sake gwadawa, wannan karon ya kai ƙarshe, siririya, gajeriya, mai kaifi. Can sai na ji Furera daga bakin ƙofarta, a hankali, don mai takaba ce.

"Malam Jibirin, ka ji?"

Na ce, "Na ji."

Sajo, amanar da ka karɓa tana nan da rai, a hannun wadda ta saye ta da duk abin da ka bar mata. Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Yadda ka ɗauki baƙo daga rumfar kasuwa ka ba shi inuwa, Allah ya karɓe ka baƙo ya ba ka inuwar da ba ta gushewa. Romon da ka kai wa Sa'a, Allah ya shayar da kai abin da ya fi shi. Allah ya jiƙan Baƙo, ya haɗa ku a Aljanna, ka gaya masa da bakinka cewa zakaran gari bai shiga ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Furera, Allah ya ba ta haƙuri, ya mayar mata da abin da ya fi karsana. Ina yi wa Hauwa da mijinta da dangin Unguwar Tudu da dukkan mutanen Garo, Allah ya ba mu jure rashinka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ya kuma tsare abin da muka bari daga hannun namu. Haladu ma ina yi masa ta'aziyya, ya ajiye ta wurinsa har ranar da zai gane ya yi rashi.

Jibirin, maƙwabcinka,
Garo, ana jiran watan azumi.